Jikin katanga ko tsakiyar gida: ina ya fi dacewa da doguwar sanfulawa?

Shekarar farko da na shuka doguwar sanfulawa a gida, maƙwabcina ne ya sha kallo. Ramuka shida na jera a jikin katangar gabas, don nan ne babu komai sai tsohon turmi da tulin itace. Wata uku ina ban ruwa, ina korar kaji, ina ɗaure kara da tsumma. Da ta zarce katanga ta buɗe, sai furannin duka suka juya mana ƙeya suka leƙa gidan maƙwabci. Mu da ke tsakar gida ba abin da muke gani sai koren bayan kai, kamar sahun mutanen da suka yi fushi da mu. Matarsa har yaro ta aiko a ce mana sannu da ƙoƙari.

Ba laifin iri ba ne, halinta ke nan. Tun tana ƙarama kanta yake bin rana: da safe ya dubi gabas, da la'asar ya karkata yamma, cikin dare ya komo gabas ya jira. Shi ya sa wasu ke ce mata furen kallon rana. Amma da zarar karan ya daina tsawo ya yi ƙwari, furen ya buɗe, bin rana ya ƙare, sai ta kafe tana fuskantar gabas har ta bushe. A 2016 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke Davis sun nuna cewa furen da ke kallon gabas ya fi saurin ɗumama da safe, ƙudan zuma kuma sun fi sauka a kansa. Ita dai tana da dalilinta. Kai kuma da za ka shuka, kafin ka tambayi kanka ina ne da fili, fara tambayar ina za ka tsaya in kana son ganin fuskarta. Sa'ar da muka yi, duk gidan da ake salla an san gabas, ba sai an nemo na'ura ba.

Wadda nake magana a kai ba ita ce ta noman mai ba, wadda da kaɗan take wuce tsayin mutum. Manyan nake nufi, irin su Mammoth Russian, Titan da American Giant, masu kara ɗaya da kai ɗaya, waɗanda kan kai mita uku zuwa huɗu, kan kuma ya yi faɗin faifai ko ya fi. Asalin shukar daga Arewacin Amurka ne. Sifaniyawa suka kai ta Turai a ƙarni na 16, Rashawa suka mayar da ita babbar hanyar samun mai, daga baya manyan irinsu suka sake komawa Amurka, abin da ya sa sunan Rasha ya manne wa ɗaya daga ciki. A 2014 wani Bajamushe, Hans-Peter Schiffer, ya rena wadda ta kai mita 9.17, sai da ya kewaye ta da dandamali irin na magina. Kada wannan ya ruɗe ka. A can wunin bazara yakan haura awa 16, a Kano kuwa ko 13 ba ya cikawa, ga zafi da ke sa shuka gaggawar yin fure. In ka samu mita biyu da rabi zuwa uku a gidanka, ka yi hamdala.

Abin da ya sa zaɓen wuri ya zama babbar magana shi ne ba ta son dashe. Saiwa ɗaya take turawa ƙasa kai tsaye kamar ta karas, wadda kan nutsa fiye da mita in ƙasar ta ba ta hanya. In ka tumɓuke ta don ka sauya mata wuri, ko ta rayu ba za ta yi tsawon da ka sayi irin dominsa ba. Inda ƙwayar ta faɗa, nan za ta ƙare kwana ɗari ko ɗari da ashirin ɗinta. Kuma cikin abubuwan da take buƙata, uku ana iya kai mata: ƙasa mai kyau ana ɗaukowa a baro, ruwa ana kawowa a bokiti, madogara ana kafawa. Rana ce ba ta ɗaukuwa, awa shida zuwa takwas take so kowace rana, kuma ba wanda zai juya mata gabas. Da wannan ma'aunin nake auna kowane lungu na gida.

Ni a wurina jikin katangar yamma, ta cikin gida, shi ne na ɗaya. Rana na fitowa ta haye ɗakunan gabas take samun ta, ta sha hantsi, ta sha tsakar rana, sai wajen la'asar inuwar katanga ta rufe ta. Wannan inuwar ma alheri ce ga ƙaramar shuka, don zafin yamma ne ke sa ganye yin laushi. Idan ta girma ta zarce katangar kuwa, har ranar yamman ta samu. Sannan ranar da ta buɗe, tsakar gida za ta fuskanta: mai shara da safe, mai hura wuta, mai fitowa daga ɗaki, kowa ido huɗu zai yi da ita.

Akwai kuma maganar iska. A ƙasarmu hadari daga gabas yake tasowa, duk wanda ya zauna a gidan ƙasa ya san bangon gabas ne ruwa ke ci, shi ake yi wa yaɓe kusan kowace shekara. Sanfulawar da ke jikin katangar yamma a ƙirji take karɓar wannan iskar, ba ƙarya. Sai dai iskar katanga take tura ta, ba fili ba. Ka buga ƙusa babba ko guntun rodi a bango, ka ɗaure karan da tsumma mai faɗi a wuri biyu ko uku, ka bar masa sarari don kauri yake ƙarawa. Igiyar leda ko waya yanka shi take yi. Wani amfanin katanga da ban lura da shi ba sai da 'ya'ya suka fara nuna: tsuntsaye. Dole ka rufe kan da yankin tsohon gidan sauro, kan kuma yana can sama da mita biyu. A jikin bango kana da inda za ka jingina tsani.

Aibin wurin a ƙasa yake. Gindin katanga shi ne juji na magina: ɓaraguzan bulo, busasshen siminti, tsakuwa, wani lokacin harsashin ginin ma ya baje ciki fiye da yadda kake zato. Saiwa ta ci karo da wannan sai ta lanƙwashe. In katangar ta ƙasa ce, ban ruwa kullum a gindinta sai ya sa danshi ya fara cin ta daga ƙasa, ka je neman ado ka jawo wa kanka aikin gini. Don haka ka ja baya da taku ɗaya babba, santimita 60 zuwa mita ɗaya. Ka kuma ɗaga kai ka duba indararo da bakin kwano. Ruwan da ke zubowa daga rufi cikin Agusta ya isa ya tone ƙaramar shuka a dare ɗaya. Sannan ba kowace katangar yamma ce ke amsa sunanta ba. A ƙuntataccen gida, inda bene ko dogon ɗaki ya tare gabas, rana ba ta sauka tsakar gida sai ƙarfe goma sha ɗaya, kafin biyu da rabi ta wuce. Awa uku da rabi ke nan, ba su isa ba. Kafin ka ɗauki fartanya, ka ware wuni guda da kake gida, ka ajiye dutse a wurin, ka lura da lokacin da rana ta hau shi da lokacin da ta sauka.

Katangar gabas, wadda ta kunyata ni, ba ta rasa nata alherin ba. Muddin shukar ba ta kai tsayin bango ba, tana cikin kariya, hadarin farkon damina ta samanta yake wucewa. Amma wannan kariyar da ranar safe ake biyanta. Ƙaramar shuka tana cikin inuwa har hantsi ya yi nisa, sai ta riƙa miƙewa tana karkata yamma, karan ya yi tsawo ba kauri. Da yamma kuma rana ta dake ta, bango ya ɗauki zafi ya mayar mata. Ranar da kan ya leƙa sama da katanga, kariyar ta ƙare daidai lokacin da ya fi nauyi. Biyu daga cikin shidan nan nawa a daidai bakin katanga suka karye. Wanda zai zaɓi nan shi ne wanda 'ya'yan yake so, don ci ko don kaji da tantabaru, bai damu da kallo ba. Ko kuma wanda bayan katangarsa ta gabas titi ne, yana son masu wucewa su gani. Wannan kyauta ce, ba laifi, in dai da niyya aka yi ta.

Katangar arewa da ta kudu su ne inda shawarar da ake karantawa a intanet ke ɓatar da mutane. Za ka ga an ce a shuka dogayen abubuwa a gefen arewa don kada su yi wa sauran inuwa, an ce bangon da ke kallon kudu shi ne mai rana. Gaskiya ne a Ingila da Amurka, inda rana ba ta taɓa hawa tsakar ka, kullum ta kudu take ratsawa. Kano tana kan digiri 12 ne arewa da tsakiyar duniya. Daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Agusta, rana da tsaka ta ɗan arewa da kai take bi. Katsina, Maraɗi da Damagaram duk kusan lissafi ɗaya ne. Ma'ana, da damina katangar kudu ba ta yi wa tsakar gida inuwa, ta arewa ce ke yi, ita ma in tsayinta mita biyu da rabi ne inuwarta da tsakar rana ba ta wuce rabin mita ba. Kowacce ka zaɓa za ta yi, sai dai furen a gefe za ka riƙa ganinsa, kamar mutumin da ke sahun gaba da kai ta dama.

Da rani labarin ya juye. A Disamba rana da tsaka takan karkata kudu da kusan digiri 35, katangar kudu mai wancan tsayin sai ta shimfiɗa inuwar da ta kusa mita biyu cikin gida, kuma haka za ta wuni. Duk wanda zai yi shukar rani da ban ruwa ya nisanci gindinta. Katangar arewa ce ta rani: rana a gabanta wuni guda, ga ta kuma ta tare iskar hunturu da ke busowa daga arewa maso gabas tana busar da ganye.

Tsakiyar gida fa? In tsawo kawai ake nema, babu kamarta. Rana daga fitowa har faɗuwa, ƙasa ba ɓaraguzai, kara ya tashi sambal ba karkata. Mafi tsawon da na taɓa gani a gidan wani dattijo ne mai faffaɗan fili, guda uku a tsakiya kamar an kafa tutoci. Amma tsakar gida ba ta shuka ba ce ita kaɗai. Nan ake shanya, nan yara ke buga ƙwallo, nan ake baza tabarmi ranar suna. Wata huɗu za ka yi kana faɗa da mutanen gidanka a kan kara ɗaya, kuma uwargida ce za ta yi nasara. Ga iska ta kowane ɓangare ba abin jingina. Dole ka kafa gora mai ƙwari ko rodi, kuma ranar shuka za ka kafa, don in ka bari sai ta girma, saiwar za ka soke. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka duba sama kuma, gidaje da yawa wayar lantarki ta tsakar gida take ratsawa daga ɗaki zuwa ɗaki, ba ta fi mita uku daga ƙasa ba.

Mai garka ko ɗan lambu a bayan ɗaki zai so ya cusa ta cikin kayan miya, tunda an riga an gyara ƙasa, an kuma yi danga. Ta wani fannin dabara ce: furenta na kiran ƙudan zuma, kabewa da kankana da kokwamba su amfana. Sai dai maƙwabciya ce mai haɗama. Ruwa da takin da ka zuba wa tumatir, ita za ta fara sha. Bayan haka saiwarta da ganyenta da ɓawon 'ya'yanta suna ɗauke da sinadaran da ke danne tsiron wasu shuke-shuke, an fi kuka da ita a kan dankalin Turawa da wake mai hawa. In za ta shiga garka, a ba ta layin ƙarshe ta yamma, a bar mita guda tsakaninta da sauran. A haka inuwarta ta safe waje take faɗawa, ta la'asar kuma ta sauka kan alayyafo da latas, waɗanda dama ba sa son zafin yamma. In ka sa ta a layin gabas, ka hana kayan miyarka ranar safe, sannan ta juya maka baya. Kuma kada a maimaita mata rami ɗaya shekara da shekara.

Wurare biyu ne ke da ruɗi, don ido na ganinsu zai ce nan ne. Na farko bakin kwata ko makwararar wanke-wanke, inda ƙasa ba ta bushewa. Ruwan banza, in ji mai shi. Amma ruwan nan da omo da sabulu da gishiri yake tafe, kuma sanfulawa ba ta jure kwanciyar ruwa. A ƙasa mai dausayi saiwar ba ta nutsawa, tunda ba ta da dalilin neman ruwa a ƙasa, sai ta baje a sama. Ganye ya yi kore shar, mai shi yana murna, iska ɗaya ta kwantar da ita da saiwarta a waje. Inda ake alwala ya fi dama, ruwansa mai tsabta ne, shi ma a matsa taku ɗaya daga inda yake taruwa. Kan murfin sokawe kuwa ƙasar ba ta fi tafin hannu zurfi ba, kada koren ciyawar wurin ya yaudare ka.

Na biyu turke. Babu ƙasar da ta kai ta turke ƙarfi a gidan Bahaushe, wannan ba gardama. Amma ɗanyen kashi da fitsari ƙona ƙaramar shuka suke yi, akuya kuma in igiyarta ta kai, ganye ɗaya ba za ta bari ba. Ko igiyar ba ta kai ba, wata rana za ta kwance. Abin yi shi ne ka kankare tsohuwar ƙasar turken, wadda ta bushe ta yi baƙi ta daina wari, ka kai ta inda rana take. Haka ma tokar murhu, kaɗan, a gauraya.

Ƙarƙashin darbejiya ko mangwaro ba sai an tsaya dogon bayani ba. Sama inuwa, ƙasa saiwar bishiya ta mamaye. Za ta tsiro, ta yi siririya kamar tsinke, ta ba ka fure kamar murfin kofi.

Ƙofar gida kuma ta danganta da inda gidan ke kallo. In ƙofarka gabas take duba, jikin bangon zaure ta waje daidai yake da katangar yamma ta ciki: ranar safe, bango a baya, fure na fuskantar mai shigowa. Babu wurin da ya fi nan kyau, kuma babu wanda ya fi shi haɗari. Awakin unguwa, tumaki, yara 'yan makaranta da hannu ba ya zama. Ba tare da shingen waya ko ƙaya da ya kai ƙirji ba, asarar iri ce. In ƙofar yamma take duba, furen bangonka zai ƙura wa ido.

Saura mai gidan haya da wanda aka shafe gidansa da siminti ko intalok. Buhu da bokiti suna yi wa tumatir da attarugu, amma doguwar sanfulawa a bokitin fenti kamar a sa ƙato a gadon yaro ne. Saiwa ta taɓa gindi, tsawo ya tsaya. In babu yadda za a yi, rabin durom shi ne mafi ƙanƙantar abin da zan yarda da shi, a huda gindinsa, ƙwaya ɗaya tak a ciki, ban ruwa kullum, lokacin zafi safe da yamma. A ɗaure shi ko a tokare da bulo, don kai mai nauyi a kan dogon kara yakan kifar da mazubin gaba ɗaya. Duk da haka durom na da wata fa'ida da ƙasa ba ta da ita: in furen ya buɗe ya kafe, sai ka juya durom ɗin ya kalli duk inda kake so. Wanda gidan nasa ne kuwa, ya cire intalok huɗu ko shida a jikin katangar yamma ya tona har ya samu ƙasar asali, ya fi masa durom nesa ba kusa ba. Ɗan haya ya fara neman izinin mai gida, ko ya haƙura ya sayi gajeren iri, akwai su da yawa kuma ba su da wannan rigimar.

Duk inda ka tsayar, ramin ya kai zurfin santimita 60, a cika shi da ƙasa da ruɓaɓɓen taki, tsakanin rami da rami santimita 60 zuwa 90. A jigawa a bar bakin ramin ya ɗan faɗa don ya riƙe ruwa. A ƙasar laka a yi akasin haka, a tayar da ɗan tudu, in ba haka ba ruwan Agusta zai kwanta a gindinta. Ƙwaya biyu ko uku, zurfin gaɓar yatsa, cikin kwana bakwai zuwa goma za su fito, ka bar mai ƙarfin ka yanke sauran. Kifa tsohon kwando a kai har ta yi ganye huɗu ko shida, don kaza ba ta san tsadar iri ba. Shukar ƙarshen Yuni zuwa farkon Yuli ta fi, saboda kan zai nuna ne cikin Oktoba bayan ruwa ya ɗauke. Wanda ya yi gaggawa da ruwan farko, furensa zai buɗe a tsakiyar marka, danshi ya shiga bayan kan ya ruɓar da shi.

Shekara ta biyu na koma yamma, ramuka huɗu kacal, don da na tona na tarar harsashin katangar ya cinye wurin na biyar. Sai da na matsar da igiyar shanya, abin da ya jawo mini magana ta kwana biyu. Ɗaya gara ta ci gindinta tun tana ƙarama, uku suka kai. Tsanin da na jingina na rufe kawunansu da gidan sauro kuwa, wajen maƙwabcin nan na gabas na aro shi.